BABI NA TARA: ƘIRƘIRAR KEƁAƁƁUN KALMOMI, NAZARI A KAN FIRAM ƊIN KEKE

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da harshe yake bi wajen samun sababbin kalmomi, wato aro da faɗaɗa ma'ana da harɗa kalmomi da kuma ƙirƙira. Wannan babi zai ɗauki abu guda ɗaya tak ya gwada waɗannan hanyoyi a kansa, domin ɗalibi ya ga yadda aikin yake gudana a zahiri. Abin da aka zaɓa shi ne firam ɗin keke, musamman bututun nan da sirdi yake zaune a kansa, wanda wasu kamfanoni suka sauya wa ƙira ya zama yana lanƙwasuwa da gangan.

Dalilin wannan nazari ba ɓoyayye ba ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a azuzuwan farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke tsarin da komawa ga Ingilishi. Duk lokacin da irin wannan muhawara ta taso, akan ji masu cewa harsunan gida ba su da kalmomin kimiyya da fasaha. Malamin Hausa ba zai iya amsa wannan zargi da fatar baki ba, sai da aiki. Babban darasin wannan babi shi ne: ba a raɗa wa abu suna na gari sai an fahimci yadda yake aiki, kuma ba a fahimtarsa sai an je wurin masu sarrafa shi.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. rarrabe kalmomin keke zuwa na aro da na faɗaɗa ma'ana da harɗaɗɗu;
ii. bayyana sauye-sauyen sauti da kalmomin aro suke samu wajen Hausantar da su;
iii. bayyana siffar firam ɗin keke da aikin bututun sirdi cikin Hausa tsantsa;
iv. auna kalmar da aka ƙirƙira da ma'aunan da suka dace;
v. shirya darasi da aikin fili a kan wata sana'a ta unguwarsu.

9.2 Keke a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Gyadi-Gyadi da Tarauni unguwanni ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni a birnin Kano, tare da irin su Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji. Titin Zariya ya ratsa yankin, kuma a gefensa ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Wanda ya tsaya a bakin wannan titi da sassafe zai ga mahaya keke iri-iri: ɗalibai masu tafiya makaranta, da masu gadi da suka tashi daga aikin dare, da 'yan tireda masu ɗauke da kaya a kariya zuwa Kasuwar Tarauni. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abin hawa ya tashi, mutane da dama suka kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Kekunan da ake gani a wannan yanki sun kasu gida biyu. Akwai tsohon samfuri, wato baƙin keke mai tayar inci 28 da birkin ƙarfe da faffaɗan sirdi mai sifirin. Wannan shi ne samfurin Raleigh, kamfanin birnin Notingam na Ingila wanda ya taɓa samun masana'anta a Kano, kuma a kansa ne Phoenix na birnin Shanghai na ƙasar Sin yake. Wasu daga cikin irin waɗannan kekuna suna da sanda biyu a sama saboda ɗaukar kaya. Sai kuma kekunan zamani masu giya, waɗanda akasarinsu na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje, ana ce musu 'yan kwatano.

Hanyoyin yankin ma iri biyu ne. Manyan tituna suna da kwalta, amma da an shiga lunguna sai gargada da ramuka, musamman da damina. Ke nan matsalar jijjiga, wadda ita ce tushen ƙirar da za a yi bayani, ba baƙuwa ba ce ga mahayin keke na Tarauni. Haka kuma a bakin hanyoyin nan akwai masu faci da masu gyaran keke da masu walda, waɗanda su ne ma'ajiyar kalmomin wannan sana'a.

9.3 Kalmomin Keke a Hausa

Ita kanta kalmar keke masana da dama suna ganin daga Yarbanci Hausa ta aro ta. Akwai kuma basukur, wadda aka aro daga Ingilishi, da laulawa, amma keke ce ta fi rinjaye a Kano. Da ta zauna sai ta faɗaɗa, aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu da Keke Napep. Sauran kalmomin sassan keke sun shigo ta hanyoyi uku.

9.3.1 Faɗaɗa Ma'ana

Bahaushe ya san doki tun kafin ya san keke, shi ya sa ya kira keke dokin ƙarfe, ya kuma ɗauko wasu kalmomin da yake da su ya ɗora masa. Misali:

sirdi: daga abin zama a kan doki zuwa abin zama a kan keke;
sarƙa: daga abin ɗauri ko ado zuwa abin da ke juya tayar baya;
ƙararrawa: daga abin kaɗawa zuwa abin neman hanya;
goyo: daga ɗaukar yaro a baya zuwa ɗaukar mutum a bayan keke.

Abin lura a nan shi ne, harshe ba ya bin lissafi. An ɗauki sirdi daga kayan doki, amma ba a ɗauki likkafa ba ga wurin ɗora ƙafa, ba a kuma ɗauki linzami ba ga abin tsayarwa. Waɗannan kalmomi uku, sirdi da likkafa da linzami, su ma asalinsu aro ne daga Larabci, sai dai sun daɗe har sun zama 'yan gida.

9.3.2 Aro da Hausantarwa

Mafi yawan sunayen sassan keke daga Ingilishi suka zo, sannan aka daidaita su da tsarin sautin Hausa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma. Saboda haka ake samun waɗannan sauye-sauye:

i. Musayar sauti: /p/ yana komawa /f/, kamar a feda da faci da famfo, /v/ yana komawa /b/, kamar a bawul.
ii. Saƙala wasali: ana raba baƙaƙen da suka cunkushe, kamar /fr/ a firam, da /br/ a birki, da /gr/ a giris, da /sp/ a sifana.
iii. Ƙarin wasali a ƙarshe: kamar a birki da faci da famfo.
iv. Haɗuwar sauye-sauye: a kalmar sifirin an raba baƙaƙe uku na /spr/ da wasula biyu, an kuma mayar da /p/ zuwa /f/.

9.3.3 Harɗa Kalmomi

A nan ana haɗa kalmomi biyu, galibi da mahaɗin -n ko -r, ko kuma da kalmar mai. Misali: tayar gaba, birkin baya, ƙarfen sirdi, mai faci, mai walda.

Idan aka duba waɗannan kalmomi za a ga cewa sassan da suke yawan lalacewa su ne suka fi samun suna, domin su ake saye, su ake sauyawa. Firam kuwa, da yake ba a cika taɓa shi ba, an bar shi da suna guda ɗaya. Da yawa daga masu hawa, in za su yi maganar wani sashe nasa, sai su nuna da yatsa su ce “ƙarfen nan”. A nan giɓin yake, kuma nan ne aikin mai ƙirƙirar kalma yake farawa.

9.4 Siffar Firam

Firam shi ne ƙashin jikin keke, wanda tayoyi da sirdi da feda suke haɗe da shi. Keken da aka sani a yau, mai sarƙa da ke juya tayar baya, ya samo asali daga samfurin Rover wanda John Kemp Starley ya fitar a birnin Kobentiri na Ingila a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. Kafin ƙarshen wancan ƙarni firam ya zauna a kan siffar da har yau ake amfani da ita, wato alwatika biyu da suke jingine da juna.

Sassan firam ba sanduna ba ne masu cikakken ciki, bututai ne masu rami, domin a rage nauyi. Ga sassan tare da sunayen da wannan babi yake ba da shawarar a yi amfani da su a aji:

bututun wuya: gajeren bututun gaba wanda kan keke yake juyawa a cikinsa;
bututun sama: wanda ya taso daga wuya zuwa ƙarƙashin sirdi, inda akan ɗora yaro;
bututun ƙasa: wanda ya gangaro daga wuya zuwa wurin feda;
gidan feda: mahaɗar ƙasa wadda ƙarfen feda yake juyawa a cikinta;
bututun sirdi: wanda ya taso daga gidan feda zuwa ƙarƙashin sirdi;
ƙarafan sarƙa: sirara biyu da suka tashi daga gidan feda zuwa tsakiyar tayar baya;
matokaran sirdi: sirara biyu da suka tashi daga tsakiyar tayar baya suka tokari saman bututun sirdi.

Kalmar matokari an gina ta ne daga aikatau tokare da ɗafa-goshin ma-, kamar yadda aka gina mabuɗi daga buɗe. Wajibi ne kuma a bambanta bututun sirdi da sandar sirdi. Bututun yana jikin firam, ba ya cirewa. Sandar kuwa ita ce guntun ƙarfen da ake zurawa a cikin bututun, a ɗaga ko a sauke gwargwadon tsawon mahayi. Rashin bambanta su kan jawo a sayo abin da ba shi ake nema ba.

Bututun sirdi shi ne bangon da ke tsakanin alwatikar gaba da ta baya. Ba a tsaye cak yake ba, ya ɗan kishingiɗa baya. A kekunan tsere kusurwarsa takan kai kimanin digiri 73, a tsohon samfuri kuwa ya fi haka kishingiɗa. Hikimar alwatika ita ce ba ta sauya siffa sai in ɗaya daga cikin ɓangarorinta ya miƙe ko ya karye. Siffa mai kusurwa huɗu kuwa da an danna ta sai ta goce. Wannan ne ya sa firam yake ɗaukar mutum da buhun hatsi ba tare da ya lotsa ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙarfin da ya hana firam lotsawa shi ne kuma yake hana shi shanye jijjiga. Idan tayar baya ta faɗa rami, bugun yakan bi matokarai ya hau saman bututun sirdi, daga nan ya shiga ƙugu da gadon bayan mahayi. Tsohon samfuri ya magance wannan ne daga wajen firam, ta hanyar faffaɗar taya da sirdi mai sifirin. Keken tsere kuwa tayarsa siririya ce mai iska da yawa, sirdinsa kuma ba shi da sifirin saboda gudun nauyi. Tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade kada nauyin keken tsere ya gaza kilo 6.8, kuma masu ƙira suna ƙoƙarin kusantar wannan iyaka. Saboda haka sai aka koma neman sauƙin a cikin firam ɗin kansa.

9.5 Bututun Sirdi Mai Lanƙwasuwa

A arewacin Faransa akwai tseren keke tsakanin yankin Faris da garin Rube, wanda aka fara a 1896. Tsawonsa ya haura kilomita 250, kuma kimanin kilomita 50 daga ciki tsofaffin hanyoyi ne da aka shimfiɗa da curin duwatsu. Jijjigar wannan hanya takan gajiyar da mahayi, takan kuma sa tayar baya ta riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa. Irin wannan tsere ne ya sa kamfanoni suka duƙufa a kan matsalar.

A 2012 kamfanin Trek na jihar Wiskonsin ta Amurka ya fitar da keke mai suna Domane, da wata dabara da ya kira IsoSpeed. A firam na al'ada, saman bututun sirdi a like yake da bututun sama da matokarai. A wannan sabon firam sai aka raba shi da su, aka haɗa su da wata 'yar ƙusa mai juyawa a kan boris. Gindin bututun yana nan a kafe a gidan feda, amma sauran jikinsa ya sami damar tanƙwaruwa kamar baka. Idan taya ta bugi dutse, sai bututun ya ɗan lanƙwasu, sirdi ya ɗan ja baya da ƙasa, sannan nan take ya koma mazauninsa. Fabian Cancellara, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda aka yi aikin ƙirar tare da shi, ya lashe tseren na Rube a kan wannan keke a 2013. A 2016 kamfanin ya ƙara wani maɗauri da ake zamarwa sama ko ƙasa domin mahayi ya rage ko ya ƙara lanƙwasuwar. A 2022 kuma kamfanin Specialized ya fitar da Diverge STR, wanda sirdinsa yake iya motsawa har milimita 30.

Ƙa'idoji uku ne suke ƙarƙashin wannan ƙira:

i. Tsawo. Sandar da aka kafe gindinta, gwargwadon tsawonta gwargwadon lanƙwasuwarta. Idan aka ninka tsawon sau biyu, lanƙwasuwar takan ninka sau takwas a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya. Raba bututun da mahaɗarsa ta sama yana ƙara tsawon sashen da ke iya tanƙwaruwa.
ii. Kauri. Siririn bututu ya fi kakkaura lanƙwasuwa. Shi ya sa sandar sirdi mai faɗin milimita 27.2 ta fi mai 31.6 sauƙin zama.
iii. Abin da aka yi ƙirar da shi. Baƙin ƙarfe yana jure ƙaramar lanƙwasa ta yau da gobe. Alminiyum yakan gaji da yawan lanƙwasa har ya tsage. Zaren kabon kuwa, wanda ake jerawa a daskarar da shi da wani irin ƙaro, ana iya shirya shi ya yi tauri ta wani ɓangare ya kuma tanƙwaru ta wani.

Wannan ƙa'ida ta uku ita ce zuciyar ƙirar. Ana so firam ya yi tauri ta gefe da gefe, don kada ƙarfin da mahayi ya sa a feda ya salwanta, amma ya ba da kai ta sama da ƙasa, don ya shanye bugun hanya.

Me ya haɗa wannan da Gyadi-Gyadi? Kekunan 'yan kwatano suna shigowa ne ba tare da takardar bayani ba. A ƙaddara irin wannan keke ya faɗo hannun mai gyara wanda bai taɓa ganinsa ba. Zai ga mahaɗa tana motsi a wurin da ya saba gani a like, kuma a iliminsa na shekaru duk firam ɗin da ke motsi karyayye ne. Idan ya tura shi wurin mai walda, an kashe dabarar. In kuwa firam ɗin na kabon ne, wuta za ta lalata shi gaba ɗaya, domin ba a yi wa kabon walda. Akwai kuma kuskure na biyu: mahayi ya ji cewa doguwar sanda ta fi daɗin zama, sai ya zaro sandar sirdinsa har ta wuce layin da aka zana a jikinta na iyakar zarowa, abin da kan jawo tsagewar bakin bututu ko karyewar sandar a tsakiyar titi. Duka kurakuran biyu daga rashin bayani suke, kuma bayani ba ya yiwuwa sai da kalma.

9.6 Zaɓen Kalma

Akan auna sabuwar kalma da ma'aunai biyar: dacewa da ma'ana, da bin ƙa'idar ƙirar kalma, da sauƙin furuci, da taƙaituwa, da kuma karɓuwa a wurin jama'a. Hausa tana da kalmomi da dama da suke kusa da ma'anar da ake nema, amma kowacce da inda ta dosa:

i. lanƙwasasshen bututu. Wannan sifa ce 'yar aikatau, tana nuna aikin ya riga ya auku ya zauna. Mai gyara zai fahimci cewa keken ya yi haɗari, ya ɗauko guduma. Ta faɗi a ma'aunin farko.
ii. bututu mai laushi. Laushi siffar katifa ce ko tuwo, wato abin da yatsa ke nutsewa a cikinsa. Bututun kuwa da tauri yake.
iii. bututu mai sassauci. Sassauci a bakin masu gyara aibi ne, yana nufin noti ya kwance, a ɗaure shi.
iv. bututu mai danƙo. Wannan ta kusa, domin abu mai danƙo yana komawa yadda yake. Sai dai ta fi nuna miƙewa irin ta roba, tana kuma ɗauke da ma'anar liƙewa.
v. bututu mai lilo. Gajeriya ce mai daɗin faɗa, amma lilo babban motsi ne na kai da komo, alhali wannan motsi ne na 'yan milimitoci.
vi. bututu mai lanƙwasuwa. An gina ta daga lanƙwasu, aikatau ɗan aji na bakwai a rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960. Sunan aikin wannan aji yana nuna yiwuwar abu, kamar a “wannan keke yana gyaruwa” ko “wannan yadi ba ya ɗinkuwa”. Ke nan tana nuna hali ne na bututun, ba lahani da ya same shi ba.

Daga wannan awo za a ga cewa ta shida ce ta fi dacewa da littafin karatu. Rauninta biyu ne: ba ta faɗi cewa bututun yana komawa mazauninsa ba, kuma tana da tsawo. Na farko ana cike shi da ma'anar da za a rubuta mata, kamar haka: “Bututun sirdi mai lanƙwasuwa shi ne wanda aka ƙera domin ya ɗan tanƙwaru idan keke ya bugi gargada, sannan ya koma yadda yake.” Na biyu kuwa ba ya hannun malami. An ƙirƙiri na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma a baki kwamfuta ta fi yawo. Babur mai ƙafa uku kuwa mutanen Kano ne da kansu suka laƙaba masa A Daidaita Sahu, daga sunan shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Idan masu gyaran keke na Tarauni suka raɗa wa wannan bututu wani gajeren suna, aikin masani shi ne ya rubuta shi, ba ya yaƙe shi ba.

Kafin a ƙirƙiri kowace kalma, ya kamata a fara duba ko akwai ta. Ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk wuraren dubawa ne. Bayan littattafai sai bakin masu sana'a.

9.7 Koyar da Darasin

9.7.1 A Cikin Aji

Malami ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Yaran da suka iya ƙera motar kara za su iya wannan gwaji:

i. A haɗa kara uku da tsinke a yi alwatika, a haɗa huɗu a yi mai kusurwa huɗu. A danna kowacce, yara su faɗi abin da suka gani.
ii. A danne rula a bakin tebur, a bar kaɗan a waje, a taɓa bakinta. A ƙara tsawon abin da ke waje a sake taɓawa.
iii. A shigo da keke, yara su rubuta sunayen sassa a 'yan takardu su manna a inda ya dace.
iv. A rubuta lanƙwasasshe da mai lanƙwasuwa a allo, kowane yaro ya gina jimla da kowacce.

9.7.2 Aikin Fili

Ɗalibi ya je wurin mai gyara a lokacin da ba shi da cunkoson aiki, ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya nemi izini kafin ya rubuta ko ya ɗauki murya. Kada ya sa wa mai sana'a kalma a baki. Ga misalin yadda tambaya take kasancewa:

Ɗalibi: Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki.
Mai gyara: Wa alaikumus salam. Sannu, ɗan samari. Gyara ne?
Ɗalibi: A'a, Baba, ilimi na zo nema. Don Allah, wannan ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, yaya kuke ce masa?
Mai gyara: Wanne daga ciki? Mai zarewa ko na jikin firam?

Tambayar da mai gyaran ya mayar ta nuna cewa ya san bambancin sassan biyu, ko da bai taɓa ganinsu a rubuce ba. Ɗalibi ya rubuta amsa yadda aka furta ta, ya tambayi aƙalla mutum uku a wurare dabam-dabam, ya lura da bambancin da ke tsakanin furucin maigida da na yaransa, domin sau da yawa dattijo da matashi ba suna ɗaya suke kiran abu da shi ba.

9.8 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa kalmomin keke sun shigo Hausa ta faɗaɗa ma'ana da aro da harɗawa, kuma sassan firam ne suka fi ƙarancin suna. An bayyana cewa firam alwatika biyu ne, mai ƙarfi amma marar shanye jijjiga, da yadda aka raba bututun sirdi da mahaɗarsa domin ya riƙa tanƙwaruwa yana komawa. An kuma ga cewa tsakanin lanƙwasasshe da mai lanƙwasuwa ɗafi ne kawai ya bambanta, amma ɗaya tana tura keke wurin mai walda, ɗaya tana hana a kai shi. Malamin da ya fahimci abu zai sami kalmarsa a Hausa. Wanda bai fahimta ba kuwa, ko da Ingilishi ya faɗa, suna kawai ya haddace.

9.9 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo kalmomin keke biyar na aro, ka bayyana sauyin sautin da kowacce ta samu.
2. Mene ne bambancin bututun sirdi da sandar sirdi?
3. Me ya sa ake ƙera firam da siffar alwatika, kuma wace matsala wannan siffa take haifarwa?
4. Bayyana dalilin da ya sa “mai sassauci” da “mai laushi” ba su dace da sabon bututun ba.
5. Yi amfani da ɗafa-goshin ma- ka ƙirƙiri suna ga abin da ake jingine keke a kansa, sannan ka auna shi da ma'aunai biyar da aka ambata.
6. Aikin fili: ziyarci masu gyaran keke uku a unguwarku, ka tattaro sunayen sassa ashirin, ka rarraba su bisa hanyar da suka shigo Hausa.